Kwabon da Ke Wuyan 'Yar Maƙwabta

Sana'ata gyaran agogo ce, amma abin da ya cinye mini ido a duniya kwabo ne. Ba tara shi ba, don ban taɓa iya tara kuɗi ba, mai ɗakina shaida ce. Kallonsa kawai. Duk kwabon da ya shigo hannuna sai na maƙala gilashin aikina a ido na duba shi ciki da bai kafin in bar shi ya wuce. Masu koko a Yendi sun san hali, in sun ba ni canji sai su ce, "Mai agogo, matsa gefe ka yi karatunka, akwai mutane a bayanka."

A Salaga ciwon ya kama ni, garin da aka haife ni. Ina saurayi, ban daɗe da dawowa daga Kumasi inda na koyi aiki ba, na tarar da hayaniya a kasuwa. Wata mai daddawa ce ta ƙi karɓar kwabo daga hannun wani Bagwanje, ɗan ƙabilar yankin, wai jabu ne, rubutunsa ya fito biyu-biyu. Kwabon lokacin na Turawa ne, mai huji a tsakiya, gabansa da kambin sarauta da ɗan rubutun Larabci, bayansa da tauraro mai tsini shida da shekarar da aka buga shi. Na ba mutumin nawa na karɓi nasa, rigima ta mutu, ni kuwa na wuce da shi wurin wani tsohon maƙerin farfaru, aminin mahaifina.

Tsohon ya jefa shi a kan uwar maƙera ya kasa kunne. Ya ce ba jabu ba ne. Jabu narka ƙarfe ake yi a zuba, shi ya sa muryarsa a dushe take, fuskarsa kuma da ƙananan ramuka. Wannan bugawa aka yi. Sai ya ɗauko hatimin da yake yi wa munduwa ado da shi, ya ɗora a kan dalma, ya buga, da gangan ya bar hannunsa ya goce. Zanen ya fito da inuwa a gefe, amma inuwar a kwance take, shimfiɗaɗɗiya kamar dakali, kuma asalin layin ya rame don gocewar ta ci gefensa. Daga nan ya tono wani tsohon hatimi da wani yaronsa ya taɓa ɓatawa wajen sassaƙa, layin ya zama biyu tun a jikin ƙarfen. Ya buga, ya sake bugawa, ya kuma bugawa. Kowane bugu iri ɗaya: layi biyu, dukansu a tashe, tsayi ɗaya, ƙarshensu a tsage kamar kofaton akuya.

"Na farko laifin hannu ne," in ji shi. "Sau ɗaya yake faruwa, ba shi da ɗan'uwa. Na biyu laifin hatimi ne, duk abin da ya haifa haka zai fito. Naka ina zaton na biyu ne, amma zato ne, yaro. Samo ɗan'uwansa, shekara ɗaya, tsaga a wuri ɗaya, sannan ka zo ka yi mini baki."

Da ya san abin da ya ɗora mini da bai faɗa ba. Tsagar kwabona tana kan lambobi biyu na ƙarshen shekarar, da tsinin tauraro na ƙasa, da kawunan haruffan da ke hannun dama. Na haddace ta fiye da fuskar 'yan'uwana. Na shekara da shekaru ina neman irinta. Masu gocewar hannu na gani ba iyaka, har na kai ina gane su tun gilashi bai hau idona ba. Wasu suna kawo mini wanda ya sha duka a ƙarƙashin tayar lori su ce ga abin da nake nema, in kore su da faɗa, don ni ba ni da haƙurin a raina mini sani. Da aka sami 'yancin kai aka canja kuɗi, tsohon kwabo ya zama banza, kafintoci suka riƙa zura shi a ƙusa in za su buga kwano don kada rufi ya yi yoyo. An taɓa kama ni a kan rufin shagon wani mai tireda, rana tsaka, gwiwa bibbiyu, ina karanta kawunan ƙusoshi. Garin Yendi bai manta mini wannan ba.

Tun kafin canjin kuɗin nan na yi aure na zauna a Yendi, a bakin zangon Hausawa, daidai inda gidajen Dagombawa suka fara. Maƙwabcinmu manomin doya ne, mutum mai sanyin hali da yawan murmushi. Matarsa man kaɗanya take yi. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ta binne 'ya'ya huɗu, babu wanda ya kai yaye. Da ta haifi ta biyar, mace, tsofaffin gidansu suka ce a sayar da ita. Al'adarsu ce ga mai wabi. Ana ɗaukar jariri a kai wa baƙo, wanda ba yarensu ba, ya saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a raɗa masa sunan bawa. Uwar ta koma da shi ta ci gaba da shayarwa, amma a matsayin mai riƙon kayan wani. Abin da ke ɗauke mata 'ya'ya in ya zo zai tarar wannan ba nata ba ne, sai ya wuce.

Ina Salaga wajen jinyar mahaifina aka yi cinikin. Mai ɗakina ce ta saya, da kwabo ɗaya daga cikin kuɗin ƙuli-ƙulinta. Uwar ta zura shi a igiyar fata ta ɗaura wa yarinyar a wuya. Da na dawo aka gaya mini na yi baiwa, aka kuma gaya mini sharaɗin, guda ɗaya ne tak: kwabon nan kada ya koma hannun waɗanda suka saya. In kuɗi ya koma, ciniki ya warware. Na yi dariya na ce to, Allah ya raya mana.

Allah kuwa ya raya. Ta yi haƙori, ta yi rarrafe, ta wuce yaye, abin da 'yan'uwanta ba su yi ba. Uwarta ba ta taɓa cewa "'yata" ba. In za ta ba da labarinta sai ta ce "yarinyar mai agogo". Da safe takan leƙo ta katanga ta durƙusa ta yi gaisuwar safiya ta yarensu ta ce, "Dasiba, ubangida, baiwanka ya kwana lafiya," da irin Hausarta ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. Mu a lokacin ba mu samu haihuwa ba tukuna, sai yarinyar ta zama ta gidaje biyu. Tana ci a nan ta sha a can. In na tafi rumfata a kasuwa takan biyo ni, ta zauna ta kasa kunne a jikin agogo, in ya yi ƙara ta ƙyalƙyale da dariya.

Abin mamaki, ni da nake hawa rufin mutane, kwabon da ke yawo a gabana kullum ban taɓa duba shi ba. Sharaɗin ne ya sa na ɗauke ido. Sai wata rana da zafi barci ya kwashe ta a kan tabarmar rumfata, ta yi rigingine, kwabon ya kwanta a ƙirjinta, bayansa a sama. Man kaɗanyar da ake shafa mata ya goge shi yana sheƙi. Na ga shekarar, ita ce ta nawa. Na sa gilashi, na mayar da hannuwana baya na harɗe su don kada in taɓa, na sunkuya har ina jin numfashinta a kumatuna. Lambobi biyu na ƙarshe a tsage. Tsinin tauraro na ƙasa a tsage. Haruffan dama ma haka, layi biyu a tashe, babu dakali ko ɗaya. 

Wannan ya ishi mai hankali. Na gani da idona, zato ya zama yaƙini, ba wanda ya rasa komai. Amma bakina bai iya riƙe daɗi ba. A gindin itacen da muke zama bayan la'asar na ba da labarin, washegari na sake, jibi na ƙara. Kuma kowane lokaci sai in rufe da ajiyar zuciya in ce, "Kai, da zan haɗa su biyu a tafin hannuna, ko sau ɗaya." Uban yarinyar yana zaune a wurin, yana murmushinsa. Na san shi sarai. Na san mutanen da in wanda suke girmamawa ya yaba abu a gabansu har ya maimaita, kunya ba ta barin su su riƙe shi. Ban roƙe shi ba, gaskiya ne, na daɗe ina fakewa da wannan. Amma ban yi shiru ba, kuma na san a gaban wa nake magana.

Ranar kasuwa da hantsi uban ya zo rumfata, ya tsuguna, muka gaisa, ya sa mini wani abu naɗe a ganye a hannu. Tun ban buɗe ba na sha jinin jikina. Na buɗe, ga shi.

"Uwarta ta sani?" na tambaye shi.

"Kwabo kwabo ne, abokina," in ji shi. "Na sa wani a igiyan. Yarinya ya girma, yana gudu, yana cin tuwo. Wancan abu ya wuce. Kai kana so, ka riƙe."

Abin da ya kamata shi ne in naɗe in mayar masa nan take, in ce ya ruga. Hannuna ya riga bakina rufewa. Na ce masa bari in haɗa su in gani, kafin la'asar ya zo ya karɓa ya mayar, ba wanda zai sani. Ya tafi. Na shimfiɗa farin ƙyallen da nake warware agogo a kai, na jera su biyu, na sa gilashi. Kamar an tsaga kara. Duk inda wannan ya rabu, can wancan ya rabu, har wani ɗan tabo a gindin tauraro da ban taɓa lura da shi ba yana jikin kowannensu. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a rayuwata, ba a ranar aurena ba, ba ranar da na buɗe rumfa ba. Har yau in na tuna daɗin nan kunya ce take rufe ni.

Ba a kira azahar ba sai ga uwar, da yarinyar goye a baya, ita da ta daina goyo tuntuni. Wajen wanka ta gane. Ƙullin igiyar ba nata ba ne, kwabon kuma a dushe yake, bai sha mai ba. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa a bakin rumfa ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi rana. Sannan ta dubi farin ƙyallen.

"Mai agogo, kuɗinka ya dawo?"

Na ɗauko da sauri na miƙa mata. Na ce aro ne, kallo kawai na yi, ga shi nan ko ƙwarzane bai yi ba. Ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe ƙafafun yarinyar.

"In ka sayi akuya," ta ce, "mai akuya ya kawo maka kuɗinka, ka karɓa da hannunka, akuya na wane ne?"



"Yanzu yarinya nawa ne," ta ce a hankali. "Kuma nawa ba ya zama."

Ta tashi ta tafi. Yarinyar ta waiwayo daga bayanta tana ɗaga mini hannu.

Mai ɗakina ta wanke ni tas a ranar. Ta ce shekara uku tana yi wa yarinyar nan wanka, tana shafa mata mai, tana canja mata riga, ba ta taɓa bari ko farcenta ya taɓa kwabon ba, in za ta wanke mata wuya da bayan cokali take ɗaga shi. Ni kuwa da kunya ta ishe ni sai na juye ta faɗa. Na ce duk wannan shirme ne, camfi ne, wane irin abu ne zai ɗauki rai amma kwabo ya ruɗe shi? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da aka sauko da kai daga rufin mutane saboda kwabo, kai ne mai kiran wani da shirme, Malam?" 

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Muka ce a sake ciniki, mu saya da sabon kuɗi. Tsofaffin gidansu suka ce ina, an riga an gane wasa ne, gidan nan ba zai sake ɓoye ta ba. Na je na ɗauko limamin unguwarmu, dattijo mai taushin harshe. Ya zauna da ita ya ce rai a hannun Allah yake, ba a wuyan yaro ba, babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Ita ma mai salla ce. Tana durƙushe tana cewa "naa, naa", wato na'am a yarensu, ta yarda da kowace kalma. Da ya gama ta ce, "Afa," yadda suke kiran malami, "gaskiya ne. Amma huɗu na binne." Liman ya yi addu'a ya tashi.

Sai kuma a makon yarinyar ta yi masassara. Damina ce, rabin yaran unguwa suna kwance, kuma ba ta jima ba ta warware ta koma wasanta. Amma ga uwar magana ta ƙare. Ta daina barci, ta daina cin abinci, ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Tsofaffi suka yanke cewa wannan karon sai ciniki na gaske: a kai ta nesa, gidan wani yare, ta zauna can, uwar kuma ta cire hannu. Na zaci ita za ta ƙi. Ita ce ta fara cewa to. Mijin ne ya yi gardama, ya yi rantsuwa, ya ce shi ya yi laifin a hukunta shi. Ba wanda ya saurare shi.

Akwai wata Babusanga daga Bawku da ke kawo albasa Yendi ta koma da man kaɗanya. Mace ce mai jiki da fara'a, 'ya'yanta duka maza. Ita ta saya, ta ba tsofaffin kuɗin, uwar ko kallonsa ba ta yi ba. Aka ce tsohon ubangida shi ke miƙa baiwa ga sabo, kuma dai yarinyar ba za ta yarda ta shiga lori da baƙuwa ba sai da wanda ta sani. Wato ni. Ranar tafiya uwar ba ta fito tasha ba. Ta yi mata wanka, ta shafe ta da mai, ta miƙo ta ta kan katanga kamar yadda ta saba kullum, ta ce, "Je wurin mai agogo." Yarinyar ta zo da gudu, tana murnar za ta hau mota.

Muka bi ta Gushegu a kan buhunan doya. Ta yi ta nuna mini shanu da birai har barci ya ɗauke ta a cinyata. Wajen gangaren Nakpanduri, inda direba ke sa kowa salati, ta farka ta tambaye ni uwarta da Dagombanci. Na ce tana gida, na saya mata rake. A Bawku na kwana biyu a gidan mai albasa don ta saba. Rana ta uku 'ya'yan gidan suka ɗora ta a kan jaki, tana dariya tana riƙe da gashin wuyansa, ni kuwa na ɗauki akwatina na zame ta bayan gida kamar ɓarawo. Na kai bakin hanya ina jin dariyarta. Ban tsaya na ji lokacin da ta koma kuka ba.

Da wani ya zage ni a Yendi da na samu sauƙi. Ba wanda ya yi. Uban ya daina zama a gindin itace, in mun haɗu mu gaisa ya wuce, murmushin nan ya tafi. Kwabban biyu na jefa su a gwangwanin tsofaffin ƙusoshin agogo. Tsohon maƙerin da ya ce in samo ɗan'uwa in zo in yi masa baki ya rasu tun kafin haka, babu wanda zan nuna wa. Kuma kada a zaci na tuba daga kallon kuɗi. Ban daina ba, hannu yana kai gilashi ido ba da shawarata ba, sai dai daɗin ya fita.

Na ƙirƙiro wa kaina zuwa Bawku duk rani, wai akwai agogunan fatake da ke jirana. Aikin bai ko biyan kuɗin mota. In na dawo, kafin in kwance kaya uwar ta leƙo ta katanga ta durƙusa. Ba ta tambaya, jira take. In ce ta yi tsayi, ta kai mini nan. In ce ta fara zuwa makarantar allo, ta iya ɗaurin albasa, ta yi faɗa da wani yaro ta kayar da shi. Na taɓa kawo mata zaren da na auna tsayin yarinyar da shi, ta ja da baya ta ce kada in shigo mata da shi gida. Labari kawai take karɓa. In zan koma ta ba ni ƙwaryar man kaɗanya, wanda ya fi kowane kyau, ta ce in ce daga mai ɗakina ne. Ba ta sake haihuwa ba. Mu kuwa Allah ya ba mu uku a jere, suna kuka suna dariya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, komai tana ji. In ɗana ya yi dariya da ƙarfi har tsawa nakan yi masa, yaron bai san laifinsa ba.

A shekarar da aka sake canja kuɗi, sidi ya shigo, uwar ta tare ni ina shirin tafiya. Ta ce za ta bi ni. Ido kawai za ta sa, sau ɗaya, amma in rantse ba zan faɗi ko ita wace ce ba. Na rantse. Tun daga Yendi har Bawku ba ta ci komai ba, tana rungume da ƙwaryar mai.

Mai albasa ta gane ta tun daga ƙofa, ta kuma gane abin da ake ciki ba tare da an gaya mata ba. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwa ta ƙwala kira. Yarinyar ta fito daga ɗaki da ƙwaryar ruwa, doguwa, siririya, tafiyarta sak ta matar da ke zaune kusa da ni. Ana cikin yi mata kitso muka iso, rabin kai an gama, rabi a tsefe. Ta durƙusa ta ba baƙuwa ruwa, sannan ta juyo gare ni da murna tana tambayar tsarabarta. Uwar ta yi mata sannu da Dagombanci, bakinta ne ya suɓuce. Yarinyar ta dube ni, ba ta ji ba. Ta manta yaren kaf, Hausa da Busanci take yi.

"Wannan wace ce, Baba mai agogo?" ta tambaye ni.

"Maƙwabciyarmu ce a Yendi," na ce. "Mai ta kawo."

"Sannu da zuwa," ta ce mata. "Ya hanya?"

"Lafiya," in ji uwar. "Kana cin abinci?"

Yarinyar ta yi dariya ta ce tana ci mana, har ana cewa ta fi maza ci. Ta zauna a bakin tabarma, bayanta yana kusa da gwiwar uwar, tana kwance tsarabar da na kawo. Mai albasa ta daɗe tana kallonsu. Mace ce mai tausayi, ta so ta yi alheri. Ta ce ita tuwonta zai kama, ta miƙo tsinken kitso ta ce, "Baƙuwa, ki ƙarasa mata kan nan mana, an ce matan Yendi sun iya." Yarinyar ba ta ko waiwaya ba, ta matso da baya ta jingina, ta sunkuyar da kai tana jira.

Na ga hannuwan uwar sun tashi daga cinyarta. Sun kai kusa da gashin, har inuwarsu ta sauka a kai. Sai ta janye su, ta tura su ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

"Hannuna yana ciwo," ta ce.

Yarinyar ta ce ayya, sannu, ta tashi ta tafi neman wata ta ƙarasa mata. Ba mu daɗe ba uwar ta ce mu tafi, ba za ta kwana a gidan ba.

A tasha muka zauna a kan wani benci muna jiran lori ya cika. Ni dai kaina a ƙasa. Na shirya maganar da zan yi mata tun shekaru, na ga in ban yi yau ba ba zan taɓa yi ba. Na buɗe baki na ce, "Maƙwabciya, abin da na yi miki..." Ta katse ni. Ta sauko daga bencin ta durƙusa a gabana, a cikin mutane, fuskarta a sake yadda ban taɓa gani ba.

"Ka ga tsayinsa?" ta ce. "Ka ga haƙorinsa, duka fari? Mai agogo, Allah ne ya sa ka karɓi kwabon nan. In ba ka karɓa ba, yana kusa da ni, wata rana zan manta, zan ce nawa, abin zai ji. Kai ka kai shi nesa. Kai ka ba shi rai."

Na ce ta tashi don Allah, ta daina. Ba ta tashi ba. Ta buɗe tafukanta ta shiga yi mini addu'a irin tasu, doguwa, ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka mini. Allah ya raya mini nawa a gabana. Allah ya sa in ga aurensu, in goyi 'ya'yansu. Allah ya yi mini yadda na yi mata. A nan ta tsaya ta ɗago kai tana dubana, tana jira, don ba a barin addu'a a rataye. Mutanen da ke kusa sun riga sun amsa. Na ce amin.